Rana ta kowa ce: abin da na gani a ƙasar Bambeye

'Yan uwa manoma da makiyaya, bayan an gama girbi na tashi daga Tawa na nufi ƙasar Bambeye. Hanya rairayi ce da fako, gonaki sai kara, gawo ya fara sabon ganye. Abin da ya sake tun zuwana na baya shi ne allunan hasken rana, waɗanda muke ce ma pano. Ga su bisa shigifa, ga su bakin kasuwa inda samari ke cajin salula, ga su kusa da tankin ruwa.

Na kwana a ƙauyuka biyu, kowane da famfonsa mai aiki da rana. A na farko famfo ya tsaya tun damina. Waɗanda suka kafa shi sun tafi, kuɗɗin ruwa yana hannun mutum guda, babu littafi, babu taro. Da injin ya lalace aka buɗe akwati, ba a tarar da ko na kiran mai gyara ba. Mata sun koma ga guga, kuma kun san zurfin rijiyoyin Adar. Wata tsohuwa ta nuna mini tafin hannunta, igiya ta yi mata kanta.

A na biyu ruwa yana zuba. Jama'a ce ta taru ƙofar mai gari ta zaɓi kwamiti, maza da mata. A taro aka yanke kuɗɗin jarka da na shayar da bisashe. Ƙarshen kowane wata ma'ajiya, wadda ta koyi karatu da girmanta, tana karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa na ji. An sa wani yaro goge pano kowace safiya, don ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi.

Ƙasarmu ta daɗe da sanin amfanin rana. Tun 1965 aka kafa ma'aikatar ONERSOL a Yamai, Farfesa Abdu Mumuni ya shugabance ta daga 1969. A 2018 aka buɗe tashar Malbaza mai megawat 7, nan cikin jiharmu. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take saida muna, birane suka sha duhu har Maris na 2024. Mutanen ƙauye na biyu sun ce mini famfonsu bai tsaya ba ko yini guda.

To jama'a, in aka zo kafa maku pano, ku tambaya tun ranar farko: wa zai riƙe kuɗɗi, wa zai yi gyara, yaushe za a riƙa taro? Ku sa mata cikin kwamiti, su ne suka san wahalar ruwa. Ku rubuta kome a littafi, a karanta shi bainar jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.