Aike Daga Nesa

Akwai wani irin iko mai ruɗin mutum: kana zaune a ɗakinka, ka ba na'urar da ke wani gari umarni, ta bi nan take. Mu da muke harkar ƙananan kwamfutoci mun ɗanɗana shi, mun kuma ga inda ya tsaya.

Tamu Jetson Nano ce, wadda kamfanin Nvidia ya fitar a 2019, girmanta bai wuce tafin hannu sosai ba. Mun ɗaura ta a gidan kajin wani dattijo da ke bayan gari, muka haɗa mata kyamara da batirin sola, tana lura da motsin kajin. Ba allo gare ta ba, ba madannai. Ta intanet muke shigarta, ta wata rufaffiyar hanya da ake kira SSH, mu rubuta umarni daga nan, ta aikata a can.

Sai dai umarni yana tafiya ta intanet, wuta ba ta tafiya. Na'urar tana da yanayin aiki biyu. Na farko, wanda take zuwa da shi daga kamfani, yana sakin duk ƙwaƙwalenta huɗu, ya ci wajen wat 10. Na biyu yana kwantar da biyu, ya rage gudun sauran, ya tsaya a wat 5. Layi ɗaya na umarnin nvpmodel ke sauya su, kuma abin da ka zaɓa yana nan ko an kashe an kunna.

A nan gizo ke saƙar. Ƙaramar kafar cajarta iyakarta wat 10, ga kyamara ita ma tana jan nata. Idan aiki ya yi nauyi da asuba, lokacin da batiri ya kwana yana zuba, sai na'urar ta mutu ba sallama. Matacciyar na'ura kuwa ba ta amsa SSH. Dole wani ya hau babur ya je ya zare waya ya mayar, kajin kuma sun yini ba mai kallonsu. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, dubu ba ta fitar da shi.

Shi ya sa muka bar ta a wat 5. Samarin cikinmu sun yi gunaguni, wai mun sayi doki mun ɗaure masa ƙafa. Gaskiyarsu, aikin ya ragu da sauri. Amma dattijon bai taɓa tambayarmu gudunta ba. Kullum tambayarsa ɗaya ce: "'Ya'yana, tana nan a farke?"

Mun fahimci cewa wanda ke ba da umarni daga nesa ba ya ganin halin wanda ya aika. Don haka muke auna nauyin da za mu ɗora mata da ƙarfin batirin a ƙarshen dare, ba da tsakar rana ba.