Gwangzu: Ɗakunan Allura a Bayan Kasuwa

A wannan wata shafinmu na tafiye-tafiye zai kai mu birnin Gwangzu da ke kudancin ƙasar Sin. Sunan ba baƙo ba ne a kunnen matan Kano da Kaduna da Maraɗi, domin jakunkuna da takalma da kayan ɗaki da yawa da ke cika lefe da jere daga can suke fitowa. Tun 1957 ake yin babban baje koli a garin, sau biyu a shekara. Amma yau ba saro za mu je ba. Za mu leƙa wata sana'a ce da ke lungunan bayan kasuwa, wato warkarwa ta hanyar tsira allurai a jiki, wadda duniya ta sani da akufanca.

Gwangzu gari ne mai zafi da gumi, a bakin babban kogi. Baƙuwa Musulma ba ta rasa inda za ta sa kanta. A unguwar Xiaobei akwai gidajen abinci na halal, ko da yake 'yan Afirka sun ragu a wurin tun bayan annobar korona ta 2020. Akwai masallacin Huaisheng mai doguwar hasumiya ta kusan mita 36, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan ƙasar. Akwai kuma hubbaren da Musulmin garin ke dangantawa da Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, Allah Ya yarda da shi, duk da cewa malaman tarihinmu sun tafi a kan a Baƙi'a aka binne shi. In kika shiga kasuwar Qingping kuwa, sai ki tuna da layin masu magani a Kurmi: saiwoyi da sassaƙe da busassun ganyaye buhu-buhu, ƙamshinsu har kan titi.

Ƙananan ɗakunan magani irin na gargajiya suna nan warwatse a unguwanni, a ƙasan benaye. Yawanci ciki ɗaya ko biyu ne, da 'yan gadaje da aka raba da labule, da hoton jikin mutum a bango an ɗiɗɗiga masa alamomi. Alamomin su ne gurabun da ake tsira allura. Tun 1027 wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumin tagulla don koyar da su, a 2008 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da daidaitattun wuraren gurabu 361. Allurar siririya ce ƙwarai, ba ta da rami, ba a ɗura komai da ita. Ana barinta a jiki kamar minti 20 zuwa 30. Wasu likitocin kan haɗa da turara wani ganye dangin tazargade, wasu da ƙaho irin na kofi, wanda ba ya bukatar a yi wa Bahaushiya bayani.

Mai kallo daga waje zai ce ai wannan sana'a ce mai sauƙi: ɗaki, gado, kwalin allura. To, a nan ne gizo ke saƙa. Kafin mutum ya kai ga buɗe ƙofa, sai ya yi shekara 5 a jami'a irin Jami'ar Likitancin Gargajiya ta Gwangzu da aka kafa a 1956, ya ci jarrabawar lasisi ta ƙasa, sannan ya yi aiki shekara 3 a wani asibiti. Wanda ya koya a hannun ubangida kuwa, sai ya shekara 5, likitoci biyu sun tsaya masa, ya kuma ci jarrabawar gwaji ta lardi. Dokar da ta fara aiki a 2017 ta rage wahalar takardu, domin yanzu rajista kawai ake yi a hukumar yanki. Sai dai jami'ai kan zo duba wurin, kuma mai irin wannan rajista ba shi da izinin ba da maganin bature.

Bayan takarda sai lissafi. Haya a babban birni ba ta jiran kowa. Gado huɗu ba sa ɗaukar mutum biyar, kuma kowane mara lafiya zai riƙe gadonsa kusan rabin awa, don haka cinikin yini yana da iyaka komai ƙwazon likita. Magani kuma ba zuwa ɗaya ba ne, akan yanka wa mutum zuwa goma ko fiye. Wani da ya ji dama-dama a zuwa na uku ba a sake ganinsa, wani da bai ji ba sai ya tafi yana ɓata suna. Ga manyan asibitocin gwamnati da ke yin aikin, inda inshorar lafiya ke ɗauke wa mutane wani kaso na kuɗin. Ɗan ƙaramin ɗakin da bai samu shiga tsarin inshora ba, sai dai a biya shi daga aljihu.

Akwai kuma matsalar furfura. Mutanen Sin sun fi sakin jiki da tsohon likita, kamar yadda mu ma muka fi yarda da tsohuwar ungozoma. Matashiyar da ta buɗe wuri takan yi watanni tana kallon ƙofa, har sai wata tsohuwa mai ciwon gwiwa ta ji daɗin hannunta ta gaya wa maƙwabta. Bakin jama'a shi ne tallarta, shi ne kuma alƙalinta.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne tsafta da sanin iyaka. Allura sau ɗaya ake amfani da ita a jefar, domin maimaita ta hanya ce ta yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Allurar da aka zurfafa a ƙirji ko bayan kafaɗa tana iya huda huhu. Bincike ya nuna akufanca tana rage wa wasu ciwon baya da na gwiwa da ciwon kai mai dawowa, amma ba ta warkar da daji ko ciwon suga. Likita na gari shi ne wanda zai ce wa mara lafiya wannan ba aikina ba ne, je ki asibiti, ko da kuwa yana bukatar kuɗin.

Don haka 'yar'uwa, in Allah Ya kai ki Gwangzu, bayanki ya riƙe saboda zagayen kasuwa, dubi takardar rajista a bango kafin ki kwanta. Nemi likita mace, akwai su. Ki tabbata a gabanki aka ɓare allura. In kina da juna biyu ko kina shan maganin tsinka jini, faɗa tun farko. Kada kuma arhar kwalin allura ta ruɗe ki ki sayo ki zo gida kina tsira wa mutane. Allura ake sayarwa a kanti, shekara takwas ɗin da ke bayanta ba a sa su a kwali, kuma jikin ɗan Adam amana ne da za a tambaye mu a kai.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya albarkaci neman halalinmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.