Keken da ke barin ƙafa ta huta

Ana iya jera kekuna biyu gefe da gefe, kowane da sarƙa ɗaya, babu mai abin canza gudu, amma hawansu ya sha bamban. Bambancin yana tayar baya, cikin ƙaramin faifan nan mai haƙora wanda sarƙa take ja.

Ku gwada da kanku. Ku ɗaga tayar baya, ku juya feda da hannu, sannan ku saki. In feda ta tsaya, taya kuwa ta ci gaba da juyawa tana ƙas-ƙas-ƙas, to faifan sakakke ne. A cikinsa akwai ƴan ƙananan ƙarafa kamar harshe. In an taka gaba sai su cije, su ja taya. In an daina takawa sai su riƙa zamewa bisa haƙoran ciki. Zamewar nan ce kuke ji tana ƙara. Duk kekunan da na taɓa gani a kasuwar Illela ko ta Badagishiri, Raleigh ne ko Phoenix, irin wannan ne.

Ɗaya irin kuwa faifansa kafaffe ne, a ɗaure yake da taya. Muddin taya tana juyawa, feda ma tana juyawa, ko mahayi ya so ko bai so ba. Wanda ya iya, har da baya yana tafiya da shi. Ban taɓa ganinsa a nan ba, amma akwai ɗan'uwansa a rumfar tela. Ku lura da keken ɗinki: in tela ya juya gargaren da hannu, matakin da ke ƙarƙashin ƙafarsa shi ma sai ya motsa.

Kafaffen ne babba a shekaru. Keken da John Kemp Starley ya ƙera a Ingila a 1885, mai tayoyi biyu da sarƙa kamar namu, haka yake. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 19 sakakken faifai ya yaɗu. Har yau masu tsere a kewayayyen fili, kamar a wasannin Olimpik, kafaffen suke hawa, kuma babu birki a jikinsa ko ɗaya.

Wajen lissafi dai duk ɗaya suke. A ce babban faifan da ke wurin feda yana da haƙora 44, ƙaramin yana da 22. Feda ta zagaya sau ɗaya, taya ta zagaya sau 2. Kewayen tayar babban keke ya kai wajen mita 2 da santimita 20, ke nan zagaye ɗaya na feda ya ci mita 4 da santimita 40. Ku ƙirga haƙoran keken gidanku ku gani.

Ni dai sakakken na fi so, kuma ƙasarmu ta Adar ce ta sa. Wanda ya ɗauro buhun albasa ko na hatsi, ya hau tudu da kyar, ya cancanci ƙafarsa ta huta a gangara. Da kafaffe ne, da feda ta riƙa jan ƙafafunsa da gudu har gindin tudu.

Sai dai hutun nan yana da farashi. Mai kafaffen faifai yana iya danne feda ya rage gudu, don ƙafarsa a haɗe take da taya. Mai sakakke ba shi da wannan dama. Ko ya juya feda baya, iska kawai yake shuri. Birki ne kaɗai zai tsayar da shi.

Abin da ke damuna ke nan in na ga yaro ya taho lakwal bisa keken da ba shi da birki, ga ƙanensa a baya. Ya zo tsayawa sai ya sa takalmi ya danne taya. A cikin rairayi wannan dabara tana yi, don rairayi ma yana riƙe keke. A gangara mai tsakuwa, ko bisa kwaltar Ƙwanni zuwa Tawa inda manyan motoci suke wucewa, ba ta isa.

Kafin ku hau, ku matse birkin gaba ku tura keke, sannan ku matse na baya ku sake turawa. In taya ta juya, robar birki ta cinye ko ta kwance. Ƙusa ɗaya ce take riƙe da kowace roba, mai gyaran keke yana canza ta kuna tsaye.