Linzamin Da Na Zana Da Alli

A garinmu Yako, cikin ƙaramar hukumar Ƙiru, babu na'urar da ta taɓa shigowa ba tare da an zauna an yanke mata hukunci ba. Kotun kuwa ita ce majalisar ƙofar gidan kawuna, inda ake shimfiɗa tabarmi bayan sallar La'asar, a yi ta hira har a kira Magariba. A nan aka yi shari'ar rediyo mai kaset tun ban yi wayo ba, a nan aka yi ta bidiyo, a nan kuma na ga an yi ta wayar salula da idanuna.

Ita waya ba ta sha wuya ba. A watan Agusta na shekarar 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a Nijeriya, ana biyan naira 50 a kan kowane minti, har zuwa 2003 da Glo ya zo da lissafin daƙiƙa. Kafin sabis ya zauna sosai a wajenmu an ɗauki lokaci, sai mutum ya nemi tudu ya tsaya yana ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Da fari Kawu cewa ya yi kayan fankamar 'yan birni ne. Ranar da ya sauya magana ita ce ranar da wani ɗansa ya kira masa dillali a kasuwar Dawanau, ya ji farashin masara ya faɗi, ya fasa lodin da ya yi niyya. Ba a yi wata guda ba ya sayi Nokia mai tocila. Da aka tuna masa maganarsa ta da, sai ya ce, "Ai wannan ɗan aike ne da ba ya cin tuwo, ba ya tsayawa wasa a hanya." Majalisa ta amince, shari'a ta ƙare.

Ashe akwai maciji a cikin ɗan aiken. Ina nufin wasan nan na maciji da ke cikin wayoyin Nokia na wancan zamani, wanda ake juya shi yana haɗiyar ɗigo yana ƙara tsawo har ya sari jelarsa. Wata rana da dare Kawu ya nemi tocila zai duba garke, ya tarar jikansa ya cinye cajin kaf a kan macijin, cajin da sai an kai shago an biya ake samu. Tun daga ranar hukuncin gem ya fita: shiririta ce, aikin marasa aikin yi. Da aka buɗe gidan gem a bayan kasuwa, da janareto da talabijin biyu da PlayStation, yara suna biyan kuɗi suna buga ƙwallo da yatsu, sai aka ɗora masa wancan hukunci ba tare da an sake zama ba. Ita kuwa kwamfuta ba a ma yi mata shari'a ba, domin ba a ɗauke ta tamu ba. Kayan banki ce da ofisoshin Kano, sai a girmama ta daga nesa kamar motar hakimi.

Na kawo wannan duka ne domin mai karatu ya san da irin guzurin da na shiga aji. Na yi karatun NCE a fannin Hausa, na ɗauka na bar ra'ayoyin majalisa a kan tabarma. Ban bar su ba, suna cikin aljihuna tare da alli.

A 2008 aka fara aiki da sabuwar manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda ta sanya darasin kwamfuta a ƙananan azuzuwan sakandare. Makarantar da nake koyarwa ba ta da malamin wannan fanni, kuma duk wanda ya san makarantun karkara ya san yadda ake yi: a duba wanda ya fi ƙuruciya a cikin malamai a ɗora masa. Haka aka ɗora mini. Muna da kwamfuta guda uku da aka ba makarantar, suna ofishin shugaba, an lulluɓe su da zane saboda ƙura. Babu wuta, babu kuɗin man janareto, ga kuma tsoron kada yaro ya taɓa ya ɓata a tambayi shugaba. Ni ma, in faɗi gaskiya, ban matsa ba. Sanin da na yi wa kwamfuta bai wuce na shagon buga takardu ba, ina kuma jin nauyin in zauna gabanta a gaban ɗalibai ta kunyata ni.

Saboda haka na koyar da ita da alli. Na iya zane daidai gwargwado. Nakan zana fuskar kwamfuta, in zana allon madannai da layukansa, in zana linzami da 'yar igiyarsa, in ja kibiya in rubuta sunan kowanne. Yara su kwafa, su haddace ma'anar kwamfuta da ire-irenta da zamunanta guda biyar, su rera mini kamar karatun allo. Shekara uku ina haka, kuma ba a taɓa faɗuwa jarrabawata da yawa ba.

Yara biyu nake son in ambata daga cikin ajin da ya shigo a 2009. Na farko shi ne monitan ajin, yaro mai natsuwa da kaifin ƙwaƙwalwa, wanda littafinsa ya fi allona tsabta. Ya taɓa cin 98 a darasin kwamfuta, na ɗaga takardarsa na nuna wa aji. Na biyu kuwa ana ce masa ɗan gem, domin in ba ya aji to yana bayan kasuwa. Sau biyu ina zuwa da kaina in fito da shi daga gidan gem, na biyun har da bulala a gaban abokansa. A ranar ya ce mini, yana share hawaye, "Malam, wallahi abin da kake zanawa a allo akwai shi a can, na gaske." Na ce ya rufe mini baki. Na ɗauki maganar rashin kunya ce, alhali labari yake ba ni.

Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa a kan kwamfuta a 2013, tana barin mai so ya zaɓi takarda da fensir. A 2015 ta rufe wannan ƙofa, kowa sai kwamfuta. Shekarar ce kuwa yaran nan suka kammala aji shida. An tura su wata cibiya a cikin Kano, ni na raka su, muka yi sammako muka kama hanya tun gari bai waye ba. A mota monita yana ta bitar littafi, ɗan gem yana barci.

Abin da ya faru a cikin zauren daga bakin monita na ji shi, muna zaune a gindin wata bishiya bayan sun fito. Ya ce da ya zauna ya ga linzamin ya gane shi sarai, ga igiyar, ga maɓallan biyu, kamar yadda na zana. Sai dai ban taɓa gaya musu cewa a kan tebur ake jan sa ba, kuma 'yar kibiyar da ke kan fuska ita ce ke bin hannun mutum. Ya ɗaga shi sama yana nuna wa fuskar kamar rimot. Da wani jami'i ya nuna masa, sai hannunsa ya kama rawa, kibiyar ta riƙa tsallake inda yake so, ga agogo a saman fuska yana cin lokaci a gabansa. Tsoronsa mafi girma shi ne kada ya danna wani abu ya goge komai, ko ya ɓata kayan gwamnati. Lokaci ya ƙare ya bar tambayoyi masu yawa waɗanda ya san amsarsu. Mahaifinsa buhun masara ya sayar ya biya kuɗin rajista da na mota. Yaron bai zarge ni ba, cewa ya yi, "Malam, na ba ka kunya." Wannan kalma ta fi bulala zafi.

Da labarin ƙirƙira nake bayarwa, da sai in ce ɗan gem ya ci jarrabawa ya wuce jami'a. Bai ci ba. Shi ne ya fara fitowa daga zauren, ya ce na'urar ba ta ba shi wahala ko kaɗan ba, har ya nuna wa na kusa da shi inda ake dannawa. Tambayoyin ne bai san amsarsu ba, domin lokacin da ake koyar da su yana bayan kasuwa. Sakamako ya fito, su biyun duka ba su kai ba. Ɗaya yana da karatu babu hannu, ɗaya yana da hannu babu karatu, kuma dukkansu daga ajina suka fito.

Na daɗe ina juya wannan al'amari. Kawu bai yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma ba na son malamin gobe ya karanta wannan ya tafi yana yabon gidan gem. Na ga yaron da ya saci kuɗin cefane saboda shi, na ga wanda ya tashi daga buga ƙwallon yatsu ya koma cacar ƙwallo a waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya jarabar wasan gem a jerin cututtukanta a 2019. Amma akwai abu guda da gidan gem ya ba yaron nan wanda ajina ya hana monita, wato sakin jiki da na'ura. A can ya koyi cewa in ka danna ba daidai ba, sai ka koma baya ka sake, babu abin da ke fashewa. Ni kuwa abin da na koyar, ba da baki ba, da zanen da ke lulluɓe a ofishin shugaba, shi ne kwamfuta abar tsoro ce, ta fi ƙarfin ɗan talaka. Ra'ayin majalisa ne na kai aji, na sa masa rigar darasi. Bambancin kawai shi ne ra'ayin Kawu a kan tabarma yake ƙarewa, nawa kuwa yara sittin ne ke kwafe shi a littafi duk shekara.

Daga baya hukumar ta sauƙaƙa, ta kawo tsarin da ake amsa tambayoyi da madannai takwas kacal ba sai da linzami ba. Hakan ya rage wahala, amma bai cire tsoro daga zuciyar wanda bai taɓa zama gaban na'ura ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wani ra'ayin kuma da ya fi shafar mu malaman Hausa, wanda har a bakin masu digiri nake jin sa: wai na'ura ba ta jin Hausa. Da wannan hujja ake rubuta "kafa" a wurin "ƙafa", da "fada" a wurin "faɗa", da "bari" a wurin "ɓari", sai mai karatu ya yi ta canke. A da maganar tana da ƙamshin gaskiya. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, amma kwamfutocin farko ba su zo da su ba, har sai da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffan da ya kira Rabiat da Abdalla a shekarun 1990. Yau kuwa kowace wayar Android tana iya rubuta su, in an zaɓi Hausa a madannanta, kuma tun 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa. Ni da nake cire wa yara maki a kan ƙugiyar "ɗ", shekara da shekaru ina aika saƙo babu ƙugiya ko ɗaya. Wanda ya nuna mini inda suke a wayata shi ne ɗan gem. Ya karɓa, ya yi 'yan danne-danne, ya miƙo mini, ya ce, "Malam, ka danne harafin ka ɗan riƙe, za ta fito." Ta kuwa fito.

Shi ne kuma ya gyara abin da na ɓata. Bayan sakamakon 2015 ya je ya roƙi mai gidan gem aron wata tsohuwar kwamfutar cinya da yake loda wa mutane finafinai da ita, ya riƙa zaunar da monita da safe kafin 'yan wasa su taru. Abin da ya fara sa shi yi, in ji monita, wasan karta ne na cikin kwamfutar, saboda hannunsa ya saba da jan linzami. Na ji haushin wannan da farko, daga baya na gane babu darasin da ya fi shi dacewa. Monita ya sake zama a 2016, ya samu gurbi a kwalejin ilimi, yanzu malami ne a wata makaranta ta wajen Tudun Wada. Ɗan gem bai sake zama ba, duk da na roƙe shi. Ya tafi Kano ya koyi gyaran waya a kasuwar Farm Centre, ya dawo ya buɗe shago, yana gyara yana kuma sana'ar POS.

Kwamfutocin ofishin shugaba, da muka yaye zanen a shekarar da ta biyo baya, biyu sun riga sun mutu ba tare da yaro ko ɗaya ya taɓa su ba. Ta ukun muka kai aji, muka haɗa kuɗin mai mu malamai, kowane ɗalibi ya samu minti biyar a mako. Kaɗan ne ƙwarai, amma ya isa yaro ya san nauyin linzami a tafin hannunsa.

A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi wuyar gani, na wuce ta shagon ɗan gem na tarar da layi har bakin titi. Kawu yana ciki, da sandarsa, an ba shi benci saboda shekaru. Ya sayar da akuya an tura masa kuɗin ta asusun ɗansa, ya zo a ciro masa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ka san mai shagon nan kuwa? Yaron nan ne na bayan kasuwa." Ya dube shi yana ta danne-danne a kan 'yar na'urarsa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Na san shi mana. Allah Ya shirye shi ai." Sannan ya ciro tsohuwar Nokiarsa daga aljihu, ya miƙa wa yaron, ya ce ya duba masa, tocilar ta daina kamawa.