Shanya a ƙasar Arewa: tsakanin rana da ƙurar hunturu

Matafiyin da ya bar Doso da asuba cikin watan Janairu, ya kama babbar hanya mai lamba 1 ya nufi gabas, zai iso Kore Mairuwa da hantsi, kunnuwansa naɗe cikin rawani, leɓɓansa sun fara tsagewa. Daga nan in ya zarce sai Dogon Dutsi, in kuwa ya karkata kudu sai Tibiri, garin Samna, wanda ya samu matsayin gunduma mai zaman kanta a shekarar 2011. Ko wace hanya ya ɗauka, abu guda zai riƙa yi masa maraba tun kafin ya ga mutanen gari: tufafin da aka shanya. Ga zannuwa bisa dangar kara, ga rigunan ƴan lakwal bisa igiya, ga barguna an yafa wa katanga, ga hulunan maza an kife su bisa tulu ko turmi don kada su lanƙwashe. Wanda ya iya karatun shanya, daga bakin hanya zai gane gidan da aka yi haihuwa, da gidan malamin makaranta, da gidan da ake shirin biki.

Wannan ƙasa ta Arawa tana shimfiɗe ne a kwarin Dallol Mawri, tsohon kogin da ya daina gudu tun zamanin da babu mai tunawa, ya bar ruwansa a ƙarƙashin rairayi. A cikin kwarin, wajen Tibiri da Dumega da Gesheme, rijiya ba ta da zurfi, ƴan mitoci kaɗan ake haƙa a tarar da ruwa. Amma da an hau tudu, inda ƙasa ta zama fako da tsakuwa, sai igiyar guga ta yi tsawon da jakai ko shanu ne ke janta. Saboda haka wanki ba daidai yake ba a ko'ina. Matar da ke cikin kwari tana iya ɗauraye tufa sau uku, ta tudu kuwa tana lissafin kowane bokiti, ruwan ɗauraya ma ba ta zubar da shi, sai ta wanke wani abu da shi ko ta yayyafa wa tsakar gida. A Dogon Dutsi, gindin dogon dutsen da ya bai wa garin sunansa, ana sayen ruwa a famfo ko hannun ƴan garuwa, wasu kuma su nufi bakin Tapkin Saw muddin da sauran ruwa a cikinsa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin ɗari ne. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15, ruwan randa ya yi sanyin da ke sa yatsu ƙagewa. Ba wanda ke marmarin tsoma hannu cikin baho a wannan sa'a, don haka mata kan ajiye ruwan a rana, su gama daka da shara, sai hantsi ya ɗaga sannan a zauna ga wanki. A lokacin ne kuma kayan wankin suka fi nauyi, domin an ciro barguna daga adaka, an sayo wa yara rigunan sanyi daga dilolin gwanjo, maza sun riɓa riga bisa riga. Bargo guda da ya sha ruwa, sai mutum biyu sun kama, wannan ya murɗa dama, wancan ya murɗa hagu, kafin ya matsu.

Baƙon da ya zauna Turai zai yi tsammanin tufa ba za ta bushe da wuri ba cikin irin wannan sanyi. Nan ne ya yi kuskure. Abu uku ne ke busar da tufa: ɗumi, da motsin iska, da kuma ƙishirwar iskar, wato ƙarancin laimar da ke cikinta. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take fitowa, ta ratso Sahara, ta iso babu ɗigon laima tare da ita. Da tsakar rana laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, zafi kuma ya kai wajen digiri 30. Irin wannan iska, duk abin da ta taɓa mai danshi sai ta tsotse shi, ko fatar mutum ce ko zanen atamfa. Riga marar kauri da aka shanya da hantsi, kafin azahar ta bushe ƙayau. Bargo ma ba ya kwana bisa igiya. Ita ce dai iskar da matan Arewa ke dogara da ita a watannin nan wajen shanyar kuɓewa, da ganyen yakuwa, da zogale, da kauɗar tumatir, abin da zai riƙe tukunya har faɗuwar damina.

A ƙasashen sanyi labarin dabam yake. A Faransa ko Ingila, cikin Disamba, rana gajera ce, sama a lulluɓe, iska kuma a ƙoshe take da laima, tufa ta yini ta kwana tana nan jiƙe, har ta fara warin ruma. Wannan matsala ce ta haifi na'urar busar da tufafi, wata ganga mai juyawa da ake hura wa iska mai zafi. Wani Ba'amurke mai suna J. Ross Moore, mutumin jihar Dakota ta Arewa inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, shi ne ya ƙera irin wadda ake sa wa gida, kamfanin Hamilton ya fara sayar da ita a shekarar 1938. A yau mafi yawan gidajen Amurka suna da ita, har ta kai wasu unguwanni sun hana shanya a waje wai don tana ɓata kyan gani, sai da jihohi irin su Florida suka kafa dokar da ta bai wa kowa ikon ɗaura igiyarsa. Da farashin wuta ya yi tashin gwauron zabo a Turai a shekarar 2022, gidaje da yawa sun kashe na'urar sun koma ga igiya da sandunan shanya. Abin da matar Matankari take samu kyauta, shi ne can ake biya da tsada.

Yanzu da na'urorin wanki suka fara shiga gidajen manyan ma'aikata da attajirai a Yamai da Maraɗi, ba abin mamaki ba ne ma'aikacin da aka turo Dogon Dutsi, ko ɗan kasuwar da ke neman sabuwar sana'a, ya fara tunanin haɗawa da mai busarwa. Kafin ya kwance bakin jakarsa, ya kamata ya yi lissafi. Kafin litar ruwa guda ta zama tururi, tana cin kimanin kashi biyu cikin uku na kilowat-awa. Tufar auduga da aka matse da hannu takan riƙe ruwa kusan daidai da nauyinta, ke nan wankin kilo 5 yana ɗauke da ruwa wajen lita 5, busar da shi zai ci kilowat-awa 3 ko fiye. Wannan wuta za ta riƙe ƙwan fitila mai wat 10 har tsawon awa 300. Akwai sababbin na'urori masu cin kamar rabin haka, sai dai kuɗinsu ya fi yawa, mai gyaransu kuma sai an nemo shi daga nesa. Rana kuwa, a wannan yanki, tana zubo wa kowane murabba'in mita na tsakar gida abin da ya haura kilowat-awa 5 a yini, ba ta kuma aiko da takardar biyan kuɗi a ƙarshen wata.

Sannan akwai zancen samuwar wutar ita kanta. Kimanin mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a Nijar, a karkara abin bai ma kai haka ba. Tun 1976 yammacin ƙasar ya dogara da layin da ya taso daga Birnin Kabi a Najeriya ya nufi Yamai. In ba a manta ba, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wannan wuta a farkon Agusta, ba a maido ta ba sai bayan da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ɗage takunkuminta a watan Fabrairu 2024. A watannin nan kamfanin Nigelec sai rabon wuta ya dinga yi unguwa-unguwa, masu firji da masu walda da masu injin niƙa suka ɗanɗana kuɗarsu. Wanda ya jingina tsabtar iyalinsa ga na'ura mai cin wat dubu biyu ko fiye, a irin wannan hali wankin hula ne zai kai shi dare.

Duk da haka, kada mai karatu ya ɗauka shanyar hunturu ba ta da abokin gaba. Tana da shi, sunansa ƙura. Iskar da ke busar da tufa ita ce ke ɗauko lallausar ƙura tun daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi, ta haɗa da ta gonakin da aka girbe da ta hanyoyin da babu kwalta. Ranar da hazo ya sauka, rana takan koma kamar farin faifai, mutum ya tsaya a tashar mota bai hangi kan dutsen ba. Farar rigar da aka sa wa bula aka shanya jiƙe a irin wannan rana, ƙura za ta manne mata, ta bushe da launin ƙasa, sabulu da ruwa da wahala duk sun tafi a banza. Wannan shi ne kukan ma'aikacin da zai shiga taro ranar Litinin, da ɗan kasuwar da zai sa shaddarsa ya tafi sallar Juma'a, da ma'aikaciyar jinya mai fararen kaya.

Masu wanki da guga na garin, waɗanda abincinsu ya rataya ga wannan sana'a, sun daɗe da sanin makamar abin. Sukan dubi gabas da safe. In sama ta yi fari, sai su ɗage wankin fararen kaya zuwa gobe, su kama masu duhu. Sukan ɗaura igiya a bayan katangar da ta tare iska, nesa da bakin hanya. Sukan juya riga ciki ya koma waje, don ƙura ta sauka a inda ido ba ya gani, rana kuma kada ta cinye launi. Ba sa barin tufa bisa igiya bayan ta bushe, domin duk mintin da ta ƙara ƙura ce take sha. Da ta bushe sai a kaɗe ta da ƙarfi, a ninke, a rufe. Shadda kuwa a inuwa ake shanya ta bayan an tsoma ta cikin ruwan ƙaro ko sitaci, daga nan sai wurin masu bugu, su ɗora ta bisa gungume su yi ta dukanta da tabarya har ƙyallinta ya dawo. Irin wannan tufa mai tsada ba a jefa ta cikin ganga mai zafi, domin zafi yana sa auduga ta tsuke, juyawar kuma tana cinye zare a hankali.

Akwai kuma dalilin lafiya da ya sa igiya ta fi ƙasa, guga kuma ta fi ninki kawai. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a rairayi mai inuwa da kuma bisa tufa mai danshi, musamman wadda ta taɓa fitsari ko gumi. In aka sa tufar, tsutsar takan huda fata ta zauna, wurin ya kumbura kamar maruru. Ya fi yawa da damina da kuma wurare masu laima, kuma jarirai ne suka fi shan wahalarsa. Rana mai ƙarfi da dutsen guga, ko na gawayi ne, suna kashe ƙwan. Saboda haka tsummokin jariri da ake bazawa bisa ƙasa a gindin bishiya sun fi kowace tufa bukatar igiya.

In ana neman watan da na'urar busarwa za ta yi rana a ƙasar Arewa, to Agusta ne, tsakiyar damina, lokacin da ake yin kwana biyu ko uku ana marka, zannuwan gado su ƙi bushewa, ɗaki ya cika da tufafi rataye bisa ƙofa da kujeru. Asibiti mai gadaje da yawa, ko masaukin baƙi da ke canza shimfiɗa kullum, suna da hujjar sayenta saboda waɗannan makonni. Gidan iyali kuwa, abin da ya fi bukata bai wuce rumfa mai rufin kwano ba, buɗe ta gefen yamma, an kare ta da zana ta gefen gabas inda iskar hunturu da hadarin damina suke bugowa, da igiya biyu ko uku a ƙarƙashinta. Kafinta da maƙerin gari sun isa su yi ta cikin yini guda, kuma za ta yi aiki rani da damina. Ɗan kasuwar da ke son zuba jari cikin harkar wanki, zai fi cin riba in ya fara da tankin ruwa, da fili mai daɓe wanda ba ya tayar da ƙura, da irin wannan rumfa, domin ruwa da ƙura su ne ke cinye ribar mai wanki a wannan ƙasa.

Da la'asar sakaliya, sa'ad da iska ta kwanta, shanu suka fara dawowa daga kiwo suna tayar da tasu ƙurar, sai ka ji iyaye mata daga gida zuwa gida suna ƙwala wa ƴaƴansu kira su kwashe shanya. Yarinya ta fito da gudu, ta tattaro tufafi ta rungume har ba a ganin fuskarta, ta zube su bisa tabarma a gaban kakarta mai ninki. Kafin kiran sallar magariba dangogi sun koma tsirara, an shiga da barguna ɗaki da sauran ɗumin rana a jikinsu, daidai lokacin da sanyi ya fara gangarowa daga kan duwatsu zuwa cikin kwarin.