Wasiƙa daga Toronto: 'yan wasan da ba a bari su ce sun gama

Mutumina,

   Mu nan lafiya lau, sai dai sanyi, wanda na daina ba ka labarinsa tunda kullum cewa kake ƙari nake yi.

Na ji saƙon muryarka har ƙarshe, duk da tsawonsa. Ka ce kuɗi ya lalata ƙwallon Turai, mai rijiyar mai shi ke ɗaukar kofi, kuma maganin abin shi ne a ƙayyade albashi kamar yadda ake yi a wasannin Amurka. To, zauna ka sha labari. A garin nan babu abin da ke ɗaga wa mutane hankali kamar hokin ƙanƙara, kuma a duk manyan gasanninsu babu inda aka ɗaure iyakar albashi tamau kamar gasar hokin nan ta NHL. Kai Bakano ne, lissafin kuɗi a jininka yake, na san za ka riga ni gano inda aka ɓoye wuƙar.

Bari in fara kwatanta maka wasan. Mutum shida-shida ne a fili, har da gola, kowa da takalmi mai kaifin ƙarfe a ƙasa da doguwar sanda a hannu. Abin da suke bugawa faifan roba ne mai tauri, wanda ake daskarar da shi kafin wasa, kuma a hannun mai ƙarfi gudunsa yakan wuce kilomita 160 a awa. Filin kewaye yake da katanga, doka kuma ta yarda ka banke abokin hamayya ka haɗa shi da ita. A haka kowane kulob ke buga wasa da yawa a kaka, kafin a shiga zagayen neman Kofin Stanley. Ka ga ai dole a samu guragu.

Iyakar albashin ba ta zo da sauƙi ba. Sai da masu kulob suka rufe ƙofa aka rasa kakar 2004 zuwa 2005 ɗungurungum, ba a buga ko wasa ɗaya ba, sannan 'yan wasa suka sallama. An fara da dala miliyan 39 ga kowane kulob, a kakar 2025 zuwa 2026 kuma ta kai miliyan 95.5. Akwai sama, akwai ƙasa: ba ka wuce iyaka, kuma akwai wani adadi da ba a yarda marowaci ya gaza kashewa ba. Sannan ba abin da aka biya ɗan wasa a shekarar ake lissafawa ba, jimillar kwantiraginsa ake rabawa da yawan shekarun. Riƙe waɗannan biyun, nan gaba za ka ga amfaninsu.

Abu na uku: kwantiragin NHL ba ya karyewa don mutum ya ji ciwo. In ka sa hannu a shekara bakwai ka nakasa a ta biyu, sai an biya ka sauran biyar. Amma ranar da ka buɗe baki ka ce ka yi ritaya, ka yafe ragowar kuɗinka ke nan. Shi kuwa kulob an buɗe masa wata kafa: in rauni zai hana ɗan wasa aƙalla wasa 10 da kwana 24, sai a sa shi a jerin masu doguwar jinya, a bar kulob ya haura iyaka, a da har da kusan adadin albashinsa, don ya ɗauko madadi. A takarda dai babu laifi a ciki.

Yanzu ga Chris Pronger. Dogo ne, ya kusa mita biyu, mai tsaron baya da kowa ke shakka. Ya zama gwarzon gasa a 2000, ya ɗauki kofi da Anaheim a 2007. Philadelphia ta ba shi kwantiragin shekara bakwai na kusan dala miliyan 35. A watan Oktoban 2011, a wasa da Toronto, sandar Mikhail Grabovski ta same shi a idon dama. Ya daure ya dawo ya buga 'yan wasanni, zuwa Nuwamba abin ya gagara: ciwon kai, jiri, haske ma ya zame masa azaba. Bai sake buga wasa ba. Kowa ya san ya gama, shi ma ya sani, amma babu mai faɗa. In ya faɗa ya yi asarar miliyoyi. Kulob ma ba ya so ya faɗa, domin kwantiragin ya fara aiki ne bayan ya cika shekara 35, kuma dokar lokacin ta ce irin wannan ko mutum ya yi ritaya nauyinsa na nan a lissafin kulob, ba tare da sassaucin jinya ba. Sai kowa ya kama bakinsa.

Daga nan abin ya koma wasan kwaikwayo. A 2014 hukumar gasar ta ɗauke shi aiki a sashen da ke hukunta masu mugun wasa, alhali a takarda yana nan ɗan wasan Philadelphia. A watan Yunin 2015 aka sanar an yi cinikinsa zuwa Arizona. A Nuwamban shekarar aka shigar da shi zauren karrama gwaraza da ke nan Toronto, inda a al'ada sai wanda ya aje sanda ake sakawa. Mutum ɗaya: ma'aikacin hukuma, gwarzon tarihi, kuma mai tsaron bayan Arizona wanda bai taɓa sa rigarsu ba, har kwantiragin ya ƙare a 2017.

Za ka ce me Arizona ta gani a jikin mara lafiya? Nan ne abin da na ce ka riƙe ya zo. Kulob ne da a lokacin yake fama da rashin kuɗi, kuma a waccan kakar dole kowa ya nuna ya kashe aƙalla dala miliyan 52.8. An tara wa Pronger yawancin kuɗinsa a shekarun farko, saboda haka a ƙarshe abin da ake biyansa dala 575,000 ne kawai a shekara, amma a lissafi yana cin kusan miliyan biyar. Ka biya kaɗan, takarda ta nuna ka kashe da yawa. Ma'aikacin bogi ke nan irin na ƙaramar hukuma, sai dai wannan da sanin oditoci, kuma da sa hannunsu. Arizona ta ji daɗin cinikin har ta maimaita: a 2018 ta karɓi kwantiragin Marian Hossa daga Chicago, wanda ciwon fata ya raba da wasa, a 2023 kuma ta karɓi na Shea Weber.

Masu kuɗi su ma da nasu salon, kuma shi ne ya fi ba ni dariya tunda a gidanmu aka yi shi. A 2013 Toronto ta ba David Clarkson dala miliyan 36.75 na shekara bakwai, ya saka musu da ƙwallo biyar kacal a kakar farko. A shekarar ce Columbus ta ba Nathan Horton miliyan 37.1, shi ma na shekara bakwai, sai ciwon baya ya kayar da shi, ga kwantiragin babu inshora. Columbus ba ta da ƙarfin biyan mutumin da ba ya wasa. Toronto kuwa kuɗi bai dame ta ba, wuri a ƙarƙashin iyaka take nema. A Fabrairun 2015 sai suka yi musaya: Columbus ta karɓi mai lafiyar da ba ya tsinana komai, Toronto ta karɓi majinyacin da za a iya haura iyaka da albashinsa. Wato a wurin mai kuɗi, gurgu ya fi mai ƙafa daraja. Ba a jima ba shi ma Clarkson bayansa ya ƙi, aka tura kwantiraginsa Vegas a 2017, a 2019 Toronto ta sake karɓo shi. Suka haɗu su biyu a jerin majinyatan kulob ɗaya.

Kada dariyar ta ɗauke mu, domin akwai mutum a bayan kowace takarda. Marc Savard na Boston na cikin gwanayen raba ƙwallo na zamaninsa. A watan Maris na 2010 Matt Cooke na Pittsburgh ya zo ta inda ba ya gani ya doke shi a ka, aka fitar da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya. Ko kora ta minti biyu ba a yi wa Cooke ba, domin dokar lokacin ba ta hana ba. Bayan wannan ne aka kafa dokar hana auna kai. Savard ya dawo, a Janairun 2011 ya sake buguwa, shi ke nan. Boston ta ɗauki kofi a shekarar, ta roƙa aka rubuta sunansa a jikin kofin. Shi da kansa daga baya ya ba da labarin zaman ɗaki cikin duhu da baƙin cikin da ya danne shi. Yana wannan hali aka tura kwantiraginsa Florida a 2015, daga can New Jersey a 2016. Sai a Janairun 2018 ya samu damar cewa ya yi ritaya, shekara bakwai bayan wasansa na ƙarshe. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai. Ɗan ƙwallonku in ya gama, a yi masa wasan bankwana, ya zagaya fili yana ɗaga hannu. Waɗannan kuwa sai dai su ɓace, lokaci-lokaci a ga sunansu a labarin ciniki.

Duk da haka, kada ka ɗauka ina zargin 'yan wasan. Wanda ya ba da ƙwaƙwalwarsa ko ƙashin bayansa saboda kulob, wallahi ya ci halaliyarsa har kwabon ƙarshe, kuma gara wannan tsari sau dubu da wanda za a sallami mutum daga asibiti a sallame shi daga aiki rana guda. Manajojin ma ban ga laifinsu sosai ba, ƙofa suka gani a buɗe suka shiga. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne aljihun da kuɗin ke fitowa. Tun 2013 rabi da rabi ake raba kuɗin shigar gasar tsakanin masu kulob da 'yan wasa. Ana riƙe wani kaso na albashin kowa a ajiye, in jimillar abin da aka biya ta wuce rabin nan, sai a cike wa masu kulob daga ajiyar. A kakar korona kashi 20 cikin ɗari aka riƙe. Saboda haka duk kulob ɗin da ya haura iyaka da sunan jinya, sauran 'yan wasan gasar ne ke ɗaukar nauyin, har da yaron da bai daɗe da shigowa ba.

Sai kuma waɗanda ke warkewa a kan kari. Da can iyakar ba ta aiki a zagayen neman kofi. Nikita Kucherov, Barashen nan na Tampa Bay mai cin dala miliyan 9.5 a lissafi, an yi masa tiyatar ƙugu a Disamban 2020, bai buga ko ɗaya cikin wasanni 56 na kakar ba. Ranar da aka fara zagayen kofi sai ga shi garau, ya fi kowa maki, guda 32, suka ɗauki kofin. Da abokan hamayya suka yi ƙorafin cewa Tampa ta haura iyaka da miliyan 18, sai ya sa riga mai ɗauke da adadin ya fito bikin murna da ita. Tiyatar gaskiya ce, ban musa ba, amma dacewar ranar ta yi yawa. An yi ta surutu shekara da shekaru, musamman da Vegas ta riƙa yin irinsa da kyaftin ɗinta Mark Stone, har sai a yarjejeniyar 2025 aka amince 'yan wasan da kulob zai fitar a zagayen kofi su ma kada albashinsu ya wuce iyaka.

Ka san waɗanda Tampa ta doke a wasan ƙarshe na 2021? Montreal ce, kuma kyaftin ɗinta shi ne Shea Weber ɗin da na ambata. Da raunuka a ƙafa da gwiwa ya buga zagayen, kuma daga wasan ƙarshen nan bai sake fitowa ba. Kwantiraginsa na shekara 14 da dala miliyan 110, wanda aka ƙulla tun 2012, shi ya ci gaba da yawo: Vegas a 2022, Arizona a 2023, da kulob ɗin ya tashi ya koma Utah a 2024 ya bi su, a 2025 ya sauka Chicago. Golan Montreal Carey Price, wanda gwiwa ta tsayar tun 2022, shi ma a Satumban 2025 aka wayi gari ɗan San Jose ne.

To malam, in har yanzu kana son a kawo iyakar albashi Ingila, ban hana ka ba, ni ma ina ganin amfaninta ya fi illarta, tunda a nan ƙaramin gari na iya ja da babba. Sai dai ka fara tunanin wane kulob ne zai zama Arizonarku, kuma ina roƙon Allah kada ya zama naka.

Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata ina nan tafe bayan Sallah in Allah ya yarda. In ka samu mai zuwa kafin nan, a haɗo ni da yaji da kuka, na nan babu ƙamshi.

Naka har kullum,
Abokinka na Toronto