Shekarar da Aka Sallame Mu a Greensboro

Ɗan Nijar da ya sauka Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, ba ya kwana da yunwa. Hausawa da Zabarmawa sun yi yawa a garin: wani ya ba ka katifa, wani ya kai ka wurin aikinsa ya tsaya maka. Ni ma haka aka yi mini. Sai dai sanayya ba ta wuce inda mai kai ka ya tsaya, wato sito, tuƙin tasi ko ɗaure kwali. Na yi shekaru ina ɗaure kwali a wata masana'antar kayan ɗaki.

A ƙarshen 2017 aka rufe masaƙar White Oak, wadda ta haura shekara ɗari tana saƙa yadin jins. Muka yi ta jajanta wa ma'aikatanta, ashe namu na tafe. Da shekara ta zagayo aka tara mu a ɗakin cin abinci, aka miƙa wa kowa takarda: saura kwana 60. Wata doka ta 1988 ce ta wajabta wa kamfanin da ke da ma'aikata 100 ko fiye ya ba da wannan wa'adi kafin ya rufe.

Ba mu gama juyayi ba sai ga mutane daga hukumar raya ma'aikata ta yankinmu, sun kafa tebura a cikin masana'antar. Suka yi bayanin kuɗin rashin aiki, suka ce wanda yake son koyon sana'a ya je cibiyar NCWorks, ba a biyan ko sisi. Da na kai zancen masallaci, wani dattijonmu ya riƙe hannuna.

"Ɗana, baƙo ba ya cin kyautar gwamnati. Gobe ka je sabunta takarda su tuna maka."

"Kawu, bari dai in je in ji da kunnena."

Tsoronsa yana da tushe, don a lokacin ana ta maganar hana takardar zama ga masu karɓar tallafi. Amma horon sana'a ba ya cikin abin da ake lissafawa, kuma wannan tsoro ya hana mutanenmu da yawa abin da harajinsu ya riga ya biya.

Da na je cibiyar, matar da aka haɗa ni da ita ta duba katin zamana da takardar sallama, ta sa na yi gwajin karatu da lissafi. Na ce tuƙin babbar mota nake so, don shi kowa yake yi. Ba ta musa ba. Ta juyo mini da fuskar kwamfutarta, ta nuna jerin kwasa-kwasan da aka amince a biya wa mutum, da ayyukan da ake nema a yankin. Ta ce, "Lissafinka ya fi Turancinka ƙarfi. Ka taɓa tunanin yankan ƙarfe?"

Haka na shiga kwalejin GTCC, ina koyon injin da ke sassaƙa ƙarfe da umarnin kwamfuta. A nan na sha wuya. Mu da muka yi boko da Faransanci milimita muka sani, su kuwa inci suke rabawa gida dubu. Malaminmu yakan sa ka damƙe ƙarfen da ma'auni, ka murza a hankali har ya yi ƙas-ƙas, ka karanta. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa a jefar da aikin yini.

Wanda ya ɗauke ni aiki wani tsoho ne mai ƙaramar maƙera, injinansa biyu a rufe da leda don babu mai tayar da su. Da zuciya ɗaya ya gaya mini cewa ba zai iya ɗaukar sabon hannu ba in ba don hukumar tana mayar masa da rabin albashina na watannin koyo ba. A bakinsa na ji yadda abin yake. Dokar WIOA da Obama ya sa wa hannu a 2014 ta ce kuɗi ya taso daga ma'aikatar ƙwadago ta tarayya zuwa jiha, daga jiha zuwa hukumomin yankuna. Zaɓaɓɓun shugabannin yanki ke naɗa mambobi. Fiye da rabi dole su zama masu kamfanoni, shugaban ma daga cikinsu, sauran kujerun na ƙungiyoyin ƙwadago da makarantu da ofisoshin gwamnati. A ganina nan ne hikimar take: wanda zai ɗauki ma'aikaci yana zaune a wurin da ake yanke abin da za a koyar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abokin da muka ɗaure kwali tare. Ya fi ni hannu, ya fi ni kai, amma ba shi da izinin aiki a ƙasar, doka kuma ba ta yarda a biya wa irinsa horo ba. Ranar da na karɓi takardar kammalawa shi ya kai ni da motarsa, daga can ya wuce wankin kwanuka a gidan abincin da yake har yanzu.